Goma: Me ake rububi a garin da ke tsakanin dutsen wuta da tafkin gas?

Tun ƙarshen watan Janairun 2025, da 'yan tawayen M23 suka shiga Goma, sunan garin bai fita daga bakin masu bibiyar labaran Afirka ba. Kuma kusan duk inda aka tada zancen, a teburin mai shayi ne ko a Facebook, amsa ɗaya ake bayarwa: faɗan ma'adinai ne, Turawa na son abin da ake haɗa waya da shi. Wasu su ce a'a, ƙabilanci ne, Hutu da Tutsi ne suka kwaso rigimarsu daga Ruwanda. Kowace magana akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma babu wadda ta ƙosar. A cikin Goma ba a haƙar koltan, wato ma'adinin da ake haɗa wayar da shi, ba a haƙar zinariya. To me ya sa duk wanda ya ɗauki bindiga da gaske a gabashin Kwango, tun 1996 har yau, Goma yake fara hange? Me kuma ya zaunar da mutum wajen miliyan biyu a garin da narkakken dutse ya taɓa ratsa tsakiyarsa, a bakin tafkin da masana ke fargabar iskar da ke kwance a ƙasansa?

Inda garin yake zaune

Goma ce hedikwatar lardin Kivu ta Arewa, can ƙuryar gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Tana gaɓar arewa ta Tafkin Kivu, a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,500 daga doron teku, shi ya sa garin ba ya zafi duk da yana tsakiyar Afirka. Tsakaninta da Kinshasa, fadar gwamnatin ƙasar, fiye da kilomita 1,500 ne, galibi kurmi, ba wata hanyar mota ta kirki, sai jirgin sama. Kigali kuwa, babban birnin Ruwanda, tafiyar awa uku zuwa huɗu ce a kan kwalta. Garin Gisenyi na Ruwanda manne yake da Goma, gidajen wannan ɓangare suna kallon na wancan.

Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda garin ya ba gaba. Man fetur, siminti, atamfa da babura suna shigowa ne daga tashoshin ruwan Mombasa da Dar es Salam, ta Yuganda ko Ruwanda. Mutanen Kinshasa Lingala suke yi, na Goma Suwahili. Ko agogonsu ba ɗaya ba ne: Kinshasa lokacinta ɗaya da Najeriya da Nijar, Goma kuwa ta fi su da awa guda, daidai take da Kigali.

Sannan garin a matse yake. Kudu ruwa ne. Gabas iyakar Ruwanda. Arewa dutsen Nyiragongo da gandun dajin Virunga, wanda aka kafa a 1925, mafi tsufa a Afirka. Hanyoyin mota biyu ne kacal suka haɗa Goma da sauran Kwango: ɗaya ta yi arewa zuwa Rutshuru, ɗaya ta yi yamma zuwa garin Sake, kimanin kilomita 25, inda take rabuwa zuwa tuddan Masisi da kuma Minova da Bukavu, birnin da ke kudancin tafkin. Wanda ya tare hanyoyin nan biyu ya shaƙe Goma, kuma abin da M23 ta yi ke nan, a hankali. Ta kama Rutshuru a ƙarshen 2022, ta datse hanyar Minova a farkon 2024, ta ci Sake kwanaki kaɗan kafin ta faɗa birnin. Da aka rufe hanyar Minova, manoma da 'yan kasuwa suka koma bin ruwa, ana lafta wa jirage kaya da mutane fiye da ƙima. A Oktoban 2024 wani jirgin ruwa da ya taso daga Minova ya kife daf da tashar Kituku, masu jiran 'yan uwansu a gaɓa suna gani, gomman mutane suka halaka. Ba a sa su cikin lissafin waɗanda yaƙi ya ci ba, amma yaƙin ne ya tura su cikin jirgin.

Dutsen da ke kashewa, yake kuma ciyarwa

Nyiragongo yana da tsayin mita 3,470, kuma bai kai kilomita 20 daga garin ba. Abin da ya bambanta shi da yawancin duwatsu masu aman wuta shi ne narkakken dutsensa ba shi da kauri, gudu yake kamar ruwa. A Janairun 1977 gefen dutsen ya tsage, abin da ke cikinsa ya kwararo da saurin da aka ƙiyasta ya kai kilomita 60 a awa ɗaya, ya cimma mutane a ƙauyukansu. Ranar 17 ga Janairun 2002 ya maimaita, wannan karon wutar ta bi ta tsakiyar Goma, ta binne wani ɓangare na titin saukar jiragen sama, ta ratsa unguwar kasuwanci har ta faɗa tafki. Mutum fiye da 100,000 suka rasa matsuguni, dubban ɗaruruwa suka tsallaka Gisenyi. Ranar 22 ga Mayun 2021 kuma ta tsaya a bakin gari, amma mutum sama da 30 suka mutu, sannan girgizar ƙasa ta biyo baya, har hukuma ta umarci unguwanni goma su tashi. Kimanin mutum 400,000 suka fice, yawanci zuwa Sake, a ƙasa, da katifa a ka.

Akwai cibiyar da ke sa ido a kan dutsen a Goma, amma aman 2021 ya zo ba tare da gargaɗi ba. Kafin lokacin Bankin Duniya ya riga ya dakatar da tallafin da yake ba cibiyar bayan zargin almundahana, aikinta ya yi rauni.

Mai karatu zai ce, to me ake zaune ana jira? Amsar tana cikin ƙasar noma. Tokar da duwatsun yankin suka yi dubban shekaru suna zubarwa ita ta mai da tuddan Masisi da Rutshuru cikin mafi albarka a Afirka ta Tsakiya. Wake, dankalin turawa, kabeji, albasa, ayaba, kofi, ga shanun madara a kan tsaunuka masu sanyi. Cukun Masisi, wanda aka gaji yin sa daga Turawan Beljiyam, har Kinshasa an san shi da sunan cukun Goma. Kafin rufe filin jirgin sama lokacin da M23 ta kama garin, da kayan lambu da naman Kivu ake cika jiragen da ke zuwa babban birnin ƙasar. Baƙin dutsen da ya daskare ma bai tashi a banza ba. Da shi ake katangar gida, da shi ake harsashin gini, shi ya sa duk hoton Goma za ka ga baƙi-baƙi. Bayan 2002 mutane sun koma sun yi gini a kan abin da ya binne gidajensu, akwai benayen da ƙasansu ya zama ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Wani haɗarin kuma ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Mutanen garin suna kiran sa mazuku: iskar kabon ce da ke tsattsafowa daga tsagar ƙasa ta taru a kwari ko rami, da yake ta fi iskar shaƙa nauyi. Babba zai iya wucewa a tsaye lafiya, yaro ko akuya ko wanda ya kwanta a wurin ya shaƙe. 'Yan gudun hijira da ba su san garin ba su ta fi ci.

Abin da ke ƙarƙashin tafkin

Tafkin Kivu yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 2,700, zurfinsa ya kusa mita 480, ruwansa yana fita ta kudu, ta kogin Ruzizi, zuwa Tafkin Tanganyika. A can ƙasa, inda ruwan ya fi gishiri da nauyi kuma ba ya gauraya da na sama, akwai iska iri biyu a narke: ta kabon mai tarin yawa, da ta metan, wadda ake ƙonawa kamar gas ɗin girki, kimanin kubik kilomita 60 idan aka auna girmanta. Nauyin ruwan sama ne ya danne su. Abin tsoron shi ne wani abu ya motsa ruwan ƙasan, misali aman wuta a cikin tafkin, iskar ta taso gaba ɗaya.

Mutanen Kamaru sun san wannan masifa. A Agustan 1986 Tafkin Nyos ya saki iskar kabon cikin dare, ta bi kwari ta kashe mutum fiye da 1,700 da dubban dabbobi, ciki har da garkunan Fulani makiyaya. Tafkuna uku aka sani da wannan hali a duniya: Nyos da Monoun a Kamaru, sai Kivu, wanda ya ninka su girma nesa ba kusa ba, ga miliyoyin mutane a gaɓarsa. Sai dai a nan ana yawan zuzuta magana. Awon da aka yi a shekarun baya-bayan nan ya nuna iskar ba ta ƙaruwa da saurin da aka yi tsoro a da, kuma a 2002 narkakken dutse ya shiga tafkin bai kai zurfin da zai tada ta ba. Haɗarin na gaske ne, amma ba abu ne na gobe da safe ba.

Ruwanda ta mai da abin dukiya. Tun 2016 tashar KivuWatt ke zuƙo ruwan ƙasa, ta tace metan ta samar da lantarki megawat 26. A ɓangaren Kwango, wadda ke da nata rabon tafkin, maganar ba ta wuce takarda ba.

Wane ne ɗan ƙasa?

A ganina nan ne tushen rikicin, kuma nan ne labarai suka fi tsallakewa.

A 1910 Beljiyam da Jamus da Birtaniya suka shata iyakokin wannan yanki. Layin ya bar wasu masu magana da Kinyarwanda, harshen Ruwanda, a ɓangaren Kwango, musamman a Rutshuru. Waɗannan iyaka ce ta zo ta same su. Daga 1937 zuwa tsakiyar shekarun 1950, Turawan Beljiyam, da suke mulkin Kwango da Ruwanda a tare, suka kwaso dubun dubatar 'yan Ruwanda, yawancinsu Hutu, zuwa Masisi don aikin gonakin Turawa, a kan ƙasar da sarakunan ƙabilar Hunde ke cewa tasu ce. Daga 1959 kuma Tutsi masu gudun kisa a Ruwanda suka shigo. Rukuni uku ke nan, kowanne da tarihinsa, amma maƙwabtansu Hunde da Nyanga da Nande suka haɗa su a suna ɗaya, Banyarwanda, wato mutanen Ruwanda.

Sai Mobutu, shugaban Kwango na lokacin, ya mai da takardar zama ɗan ƙasa abin wasan siyasa. A 1972 ya yi doka ta ba su 'yancin zama 'yan ƙasa, kuma da ya ƙwace gonakin Turawa a 1973, wasu attajiran Banyarwanda suka samu manyan filaye a Masisi. A 1981 aka soke waccan doka, aka ce sai wanda ya nuna kakanninsa suna ƙasar tun 1885. Mutumin da aka haifa a Masisi, aka haifi ubansa a Masisi, ya wayi gari ana ce masa baƙo. Wanda ya san abin da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ta jawo a Jos zai gane zafin abin, sai dai a Kivu ƙasar ce gaba ɗaya ake cewa ba taka ba ce, gonarka kuma ta zama abin tambaya. A 1993, shekara guda kafin kisan ƙare dangin Ruwanda, an riga an gwabza a Masisi, dubbai sun mutu. Wannan kaɗai ya rushe zancen cewa daga waje aka kawo rigimar dukanta.

Tsarin mulkin 2006 ya mai da ma'aunin zuwa shekarar samun 'yancin kai, 1960. A takarda an warware. A bakin 'yan siyasa lokacin zaɓe kuwa, har yau ana kiran Tutsin Kwango baƙi.

Yulin 1994

Bayan an kashe mutum kimanin 800,000 a Ruwanda cikin kwana ɗari, yawancinsu Tutsi, dakarun Paul Kagame suka ci yaƙi. A tsakiyar Yulin 1994, cikin kwana huɗu zuwa biyar, Hutu kimanin 850,000 suka kwararo Goma. A nan yanayin ƙasar garin ya nuna muguntarsa: a kan daskararren dutse ba a iya haƙa masai, ba a iya haƙa rijiya, ba a iya haƙa kabari. Mutane suka sha ruwan tafkin da ake bahaya a bakinsa. Kwalara da atuni suka kashe kimanin mutum 50,000 cikin wata guda. Gawawwaki a naɗe cikin tabarmi ake jerawa a bakin titi, sai motocin tona ƙasa sun zo an binne su a rami ɗaya.

Cikin masu gudun akwai sojojin tsohuwar gwamnati da 'yan Interahamwe da suka yi kisan, da makamansu. Suka karɓe ikon sansanoni irin su Mugunga da Kibumba, suna cin abincin agaji suna kai hari Ruwanda. A ƙarshen 1996 Ruwanda ta tsallako ta tarwatsa sansanonin, ta ɗora Laurent Kabila a gaba har ya kori Mobutu a Mayun 1997. An kashe Hutu fararen hula masu yawa a wannan bi, abin da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2010 ya tattara, Kigali kuma ta yi watsi da shi. A Agustan 1998, da Kabila ya juya wa iyayen gidansa baya, daga Goma aka shelanta sabon tawaye, garin ya zama fadar ƙungiyar tawaye ta RCD mai samun goyon bayan Ruwanda har 2003. Ragowar masu kisan kuma suka kafa ƙungiyar mayaƙan Hutu ta FDLR a dazukan Kivu.

Daga nan zaren bai tsinke ba. Laurent Nkunda ya kafa ƙungiyar tawaye ta CNDP da sunan kare Tutsi. Ranar 23 ga Maris 2009 aka yi yarjejeniyar shigar da mayaƙansa cikin sojan ƙasa. A 2012 wasunsu suka ɓalle suna cewa ba a cika alkawari ba, suka ɗauki ranar yarjejeniyar ta zama sunansu, M23. Sun riƙe Goma na kwana goma sha ɗaya a Nuwambar 2012, matsin lambar ƙasashen waje ya fitar da su, a 2013 aka fatattake su zuwa Yuganda da Ruwanda. A ƙarshen 2021 suka dawo.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Gwamnatin shugaban Kwango Félix Tshisekedi ta ce M23 riga ce kawai Ruwanda ta sa, manufar ita ce mamaye ƙasa da wawure dukiya. Tana da hujja: ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce a 2024 akwai sojojin Ruwanda 3,000 zuwa 4,000 a cikin Kwango, kuma a Fabrairun 2025 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2773 yana neman su fice. Amurka ta sa wa James Kabarebe, na hannun daman Kagame, takunkumi a watan.

Kigali ta ce matakan kare kai take ɗauka, domin FDLR na nan a bakin iyakarta, kuma sojojin Kwango suna haɗa kai da ita. Wannan haɗin kan ma ƙwararrun sun tabbatar da shi. Amma FDLR ta yau ƙaramar ƙungiya ce da ba za ta iya kifar da gwamnatin da ke da ɗaya daga cikin rundunoni mafi tsari a nahiyar ba, kuma tsoronta bai bayyana dalilin zuwa har Bukavu ba, wadda M23 ta shiga a tsakiyar Fabrairun 2025.

Ita M23, ƙarƙashin Sultani Makenga a fagen daga, ta ce tana kare Tutsin Kwango daga tsangwama. Tsangwamar gaskiya ce. Sai dai ƙungiyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wa kisan mutum aƙalla 171 a ƙauyukan Kishishe da Bambo a Nuwambar 2022 ba ta da bakin yin wa'azin kare farar hula. Yanzu ma ta faɗaɗa burinta: tana cikin ƙawancen 'yan tawaye na AFC da Corneille Nangaa ke jagoranta, mutumin da ya shugabanci hukumar zaɓen da ta bayyana Tshisekedi a matsayin wanda ya ci zaɓen 2018. Tsohon shugaba Joseph Kabila ya bayyana a Goma a Mayun 2025, kotun soja a Kinshasa ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa a Satumba.

Kinshasa ma hannunta ba fari ba ne. Soja ba ya samun albashi a kan kari, manyan hafsoshi suna kasuwanci. Maimakon gyara runduna, gwamnati ta raba makamai ga 'yan sa-kai da ake kira Wazalendo, ta ɗauko sojojin haya daga Romaniya, waɗanda kusan 300 daga cikinsu suka miƙa wuya a Goma aka fitar da su ta Ruwanda. Burundi na yaƙi a gefen Kinshasa, Yuganda na da sojoji a arewacin lardin tun 2021 tana wasa da kowane ɓangare, dakarun kudancin Afirka kuma sun tattara sun tafi bayan Afirka ta Kudu ta rasa soja 14.

To ina maganar ma'adinai?

Tana nan, amma a matsayin itacen da ke rura wuta. Koltan ma'adini ne da ake ciro tantalam daga cikinsa, wanda ake amfani da shi a wayoyi da kwamfutoci da injin jirgin sama. Mahaƙar Rubaya a Masisi ana ƙiyasta tana ba da kusan kashi 15 cikin 100 na tantalam ɗin duniya, kuma da shebur da diga ake tonon. M23 ta kama ta a ƙarshen Afrilun 2024, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce tana samun kimanin dala 800,000 a wata daga harajinta, kayan kuma suna bi ta Ruwanda. A lura da lokacin: shekara biyu da rabi ana yaƙi kafin a kai Rubaya.

Darajar Goma ita ce ƙofa ce. Nan ofisoshin masu sayen ma'adinai suke, nan kwastan yake, nan filin jirgin sama da tashar ruwa suke. Wanda ya riƙe ta yana karɓar haraji a kan duk abin da ya shiga ko ya fita, daga buhun koltan har buhun wake, kuma dole a zauna da shi a teburin sulhu.

Garin da ba a nunawa a labarai

Alamar Goma ba bindiga ba ce, cukudu ne. Wani keke ne na katako zalla, tsawonsa kusan mita biyu, ƙafafunsa na itace an naɗe su da robar tsohuwar taya, ba inji ba feda. Mai shi yana ɗora gwiwa ɗaya a kan allon yana tunkuɗawa da ɗaya ƙafar, birkinsa guntun taya ne da yake takawa a kan ƙafar baya. A kansa ake ɗora buhunan gawayi, dankali, katako da rodi, nauyin ɗaruruwan kilo, a gangaro da su daga ƙauyukan gindin dutse a kan hanyar da za ta karya amalanke. An yi wa ɗan dakon cukudu mutum-mutumi mai ruwan zinariya a wani babban shataletale na garin, kuma ya cancanta.

Da dare masunta ke fita tafki da kwale-kwale uku a ɗaure gefe da gefe, da dogayen sanduna da fitilu, suna kamun sambaza, wani ɗan mitsitsin kifi da aka kawo daga Tanganyika a ƙarshen shekarun 1950. Ana soya shi ƙarau a ci da tuwon rogo ko na masara. Da asuba kuma mashigar da ake kira Petite Barrière ke cika, dubun dubatar mutane a rana idan ana zaman lafiya, yawancinsu mata masu tallar tumatir, madara, nama da gwanjo. Shugabannin ƙasashen biyu suna zagin juna, su kuwa matan Goma da Gisenyi bashi suke ba juna.

Abin takaici, garin da ke bakin wannan makeken ruwa ba shi da wadataccen famfo. Jarka mai ruwan ɗorawa a kan keke ko a bayan yarinya ita ce hoton kowace safiya. Ƙishin ruwan nan na cikin abin da ƙungiyar matasa ta LUCHA, da aka kafa a Goma a 2012, ta fara fita zanga-zangar lumana a kai, kafin ta bazu a ƙasar. Garin na da bikin kaɗe-kaɗe na Amani, da aka fara a 2014, mai tara dubban matasa daga Kwango da Ruwanda da Burundi. Shekaru talatin na ƙungiyoyin agaji da dakarun kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, MONUSCO, kuma sun haifar da wani tattalin arziki na dala: otal-otal da gidajen haya masu tsada a unguwar Himbi ta bakin ruwa, cunkoso da gidajen katako a Birere.

Abin da talaka ke gani yanzu

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe mutum kusan 3,000 a kwanakin kama birnin. A gidan yarin Munzenze, da fursunoni maza suka ɓalle, an yi wa mata fiye da ɗari fyaɗe, aka cinna wa sashensu wuta. Bayan an daina harbi sai wata wahalar ta shigo. Kinshasa ta hana bankuna aiki a yankin da ba ya hannunta, don kada kuɗi ya faɗa hannun 'yan tawaye. Malamin makaranta yana ganin albashinsa a waya, amma kafin ya mai da shi tsabar kuɗi sai wakilin M-Pesa ko Airtel Money ya yanki kaso mai tsoka. Rufe filin jirgin sama ya kashe cinikin kayan gona da Kinshasa, ya kuma toshe hanyar shigo da magani. Duk wannan ya faɗo a daidai lokacin da Amurka, wadda ta biya kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin agajin Kwango a 2024, ta zaftare tallafinta.

An sa hannu a takardu da dama. Ministocin harkokin wajen Kwango da Ruwanda sun rattaba hannu a Washington ranar 27 ga Yunin 2025, Kinshasa da M23 sun amince da wasu ƙa'idoji a Doha a watan Yuli, Tshisekedi da Kagame sun tsaya gaban Donald Trump ranar 4 ga Disamba. Ba a yi mako guda ba M23 ta shiga garin Uvira da ke kudu da Bukavu. A Goma kuwa ƙungiyar ta naɗa gwamna da magajin gari, tana karɓar haraji, tana sauya masu unguwanni da sarakunan gargajiya. Wanda ke naɗa sarki a Kivu ba shirin tafiya yake ba, domin sarki ne ke raba gona.

A Fabrairun 2025 M23 ta umarci dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira da ke sansanonin Bulengo da Mugunga da Kanyaruchinya su koma ƙauyukansu. Da yawa sun koma sun tarar an rushe gidan, ko wani na noma gonar. A ɗaya ɓangaren iyaka kuma akwai dubun dubatar Tutsin Kwango a sansanonin Ruwanda, wasu tun 1996, suna jiran komawa Masisi, inda filayen da suka bari suka daɗe a hannun wasu. Yarjejeniyoyin Washington sun yi magana a kan janye sojoji, da murƙushe FDLR, da zuba jarin Amurka a ma'adinai, sun kuma ambaci mai da 'yan gudun hijira gida. Amma wanda zai yanke hukunci idan iyali biyu suka tsaya a kan gona ɗaya, ɗaya da takardar gwamnati, ɗaya da shaidar sarki, har yanzu ba a samar da shi ba.